Sikanar Gwaggo Hajara da Billen Garba

Shekara shida ke nan da rasuwar Gwaggo Hajara, yayar mahaifina, kuma har yau ban ga wanda ya rubuta ko layi ɗaya a kanta ba. Ban yi mamaki ba. Ba ta taɓa riƙe muƙami ba, ba a sa wa titi sunanta ba. Mai buga tafireta ce a wani ofishin ƙaramar hukuma har ta yi ritaya, ta dawo Talata Mafara ta zauna a ɗakin ƙarshe na gidanmu. Na gaji da jiran wani ya yi, don haka ni zan rubuta.

Matan Mafara ba da tafireta suka san ta ba, da sikana suka san ta. Ga wanda bai taɓa gani ba, wata na'ura ce mai faɗi kamar tiren shayi, da murfi a sama da gilashi a ciki. Ka kifa hoto ko takarda a kan gilashin, ka rufe, wani haske ya bi ta ƙarƙashi sannu a hankali, sai abin ya fito a kwamfuta. Ta hannu ta saya a Gusau bayan ta ajiye aiki, ta rungumo ta a cinya cikin motar haya kamar jaririya, ta ƙi yarda a sa ta a but. Da ta sauke ta a tsakar gida, babana ya zagaya ta ya ce, "Yaya, mutane in sun yi ritaya tumaki suke saye. Ke tire mai wuta kika sayo?" Ta ce, "Tumaki kowa na da su."

Ba don babu sikana a gari ta saya ba. Akwai shagunan kwamfuta a bakin tasha tun lokacin. Amma samari ne a ciki. Ku gaya mini, wace matar aure ce za ta ɗauki hoton amarcinta, kai ba ɗankwali, kitso a waje, zani ɗaurin ƙirji, ta miƙa wa yaron da ta haifi kamarsa ya baza shi a allo abokansa na leƙe? Babu. Shi ya sa hotunan ke zaune a ƙasan akwati da cikin kwalla, gara na ci, danshin damina na manne su da juna. Mace ta mutu, a zo rabon kaya, a tarar da fuskarta ta ƙuruciya ta zama tabon ruwa. Wannan Gwaggo ta gani, maza ba su gani ba, don ba su ne ke buɗe akwatunan ba.

Ranar kasuwa ɗakinta ba ya rabo da takalma a ƙofa. Daga Bakura, daga Birnin Tudu, daga Jangebe, mace za ta gama cefanenta ta biyo da hotuna ƙulle a leda cikin hijabi. A ja labule, a kora yara maza waje. Sai ka ji shewa. "Ke Dije, ashe kin taɓa zama siririya?" "Allah shi shirye ki, da can ni ce ake kallo in an je biki." Wata ta yi dariya har ta share hawaye, wata ta ga uwarta ta ƙura wa allon ido, Gwaggo ta ƙyale ta. Maza kuwa aike suke yi: takardar gona, satifiket, takardar sallama daga aiki. Wani tsohon direba da ya yi aiki da Turawa lokacin gina madatsar ruwa ya taɓa aiko da wasu ƙananan fina-finai masu firam ɗin kwali, waɗanda sai an ɗaga su a rana ake ganin abin da ke ciki. Murfin sikanar na da nasa hasken na irin wannan aiki. Da aka kai masa, ya ga kansa saurayi a kan katafila, ya yini yana tare mutane a ƙofar gida yana nuna musu.

A ɗakinta nake kwana tun ina firamare, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. "Uwata" take ce mini, ko tana yabo ko tana faɗa, kuma faɗan ya fi yawa. Ni mai sauri ce, ita kuwa ba ta san sauri ba. A wanke hannu, a bushe shi. A goge gilashi da wani tsohon mayafi da ba a yin komai da shi sai wannan. Kada kofin kunu ya matso kusa. Ga wutar gari ba ta da alkawari, kana tsakiyar hoto a ɗauke. Ina cewa, "Gwaggo, a sa ta mai sauri mana, kafin su ɗauke." Ta ce, "Uwata, hoton ga ya jira shekara arba'in. Ke ce kawai ba ki iya jira."

Akwai doka ɗaya da ta fi duk waɗannan. A allon kwamfutar akwai wani ɗan gurbi da ake taɓawa, sai na'urar ta share ƙura da karcen da ke jikin tsohon hoto da kanta. Hoton farko da Gwaggo ta ɗora na mahaifiyarta ne, mai sunana, baƙi da fari, kuma ta taɓa gurbin nan don ya fito fes. Ya fito fes ɗin. Sai dai tsagar Zamfarawa da ke kumatun tsohuwar, wadda ta taso daga gefen ido ta gangaro bakin baki, ta dushe ta koma kamar inuwa. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wagga ba Inna ba ce." Ta goge shi ta sake, ba tare da gyaran ba, a kan lamba mafi girma, mai fito da komai dalla-dalla, wadda hasken ke rarrafe kamar ba zai kai ƙarshe ba. Tsagar ta dawo, karcen takardar ma ya dawo. Ta ce, "Na'ura ba ta san aikin wanzami ba. In ta ga layi a kunci sai ta ɗauka ɓarna ce." Daga ranar ba a sake taɓa gurbin nan a ɗakinmu ba. In mace ta ce a cire mata karce, Gwaggo ta ce, "Karcen na takarda ne, ki bar shi. In na cire shi, da uwarki zai tafi."

Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga yau. Wasu abubuwan za su yi mata daɗi, ba na musu. Mun sa sola, wuta ba ta ƙara katse hoto a tsakiya. Mace na zaune a Bakura za a tura mata hoton uwarta a waya kafin ta gama alwala. Amma akwai abin da na san zai tayar mata da hawan jini. Yanzu kowa da wata manhaja a waya mai "gyara" tsohon hoto. Ka ɗauki hoton kakanka, ka danna, ta fito maka da wani fari sol mai santsin fuska da dogon hanci, kamar ɗan fim ɗin Indiya. A tura a zauren dangi, kowa na rubuta ma sha Allah. Bara wani ɗan'uwanmu ya yi wa kakanmu haka. Na rubuta a ƙasa, "Wannan baƙon daga ina?" Sati guda ba ya gaishe ni. Ai gara ni. Da Gwaggo ce, da ta je har gidansu.

Da ta rasu, bayan gajeruwar jinya, ba wanda ya kula da sikanar a wurin rabon kaya. Wani yayana ya ce a ba 'yan gwangwan, wai waya ta kashe kasuwarta. Na ɗauke ta na mayar da ita inda take, na rufe da mayafinta. Ban yi shawara da kowa ba. Mata sun ragu, gaskiya ne, amma ba su daina zuwa ba.

Bana, kafin ruwa ya sauka, wata budurwa mai suna Habiba ta yi sallama a gidanmu tare da ƙanwar mahaifiyarta. Daga jin Hausarsu na san ba 'yan nan ba ne. Daga Kontagora suka zo. Idon Habiba ya kumbura, ba sai an tambaya ba.

Ga labarin a taƙaice. Mahaifinta Garba ɗan Maradun ne, ya tafi kudu neman abinci tun yana saurayi, ya zama direba, ya yi aure a Kontagora, ya rasu a hatsarin mota tana jaririya, kafin ya kai matarsa gida ta ga danginsa. Uwar ma ta rasu Habiba na ƙarama. Abin da aka bar mata sunan uba, sunan gari, da ɗan hoton fasfo guda ɗaya. Yanzu an sa ranar aurenta, dangin miji suka fara tambayar da kowa ya san ma'anarta: ina dangin ubanta, wa zai zama waliyyi? Har an fara cewa a ɗan dakata. Kun san irin wannan dakatawar.

Sun je Maradun sun yi tambaya har aka nuna musu wani gida da ɗansu Garba ya tafi bai dawo ba. Mai gidan, Malam Bello, shi ne yayan wancan Garban. Tsoho ne, ido ya yi rauni, ɗan hoton fasfon kuwa ya koɗe ya yi rawaya, bai fi akwatin ashana ba. Saboda haka tun a Kontagora wata ƙawar Habiba ta ɗauke shi da waya, ta gyara shi, aka wanko babba mai kala. Da zuciya ɗaya ta yi. Shi suka miƙa wa tsohon. Ya duba ya duba, ya mayar musu. Ya ce nasu Garban na da tsaga da bille, wannan kuwa fuskarsa kamar ta jariri. Garba kuma suna ne da ya cika Zamfara. Ƙanwar uwar ba ta taɓa ganin mutumin ba, tana aure a wani gari lokacin, balle ta yi shaida. Suna fitowa, matar gidan, Inna Kulu, ta biyo su zaure ta ce a hankali, "Ku tai Mafara, gidan marigayiya Hajara mai na'ura. Ku kai ƙaramin, ba babban ba." Ita ma ashe ta taɓa kawo wa Gwaggo hotunanta.

Na ce, "Kawo ƙaramin." Habiba ta ce, "Ai ba a ganin komai a ciki." Na ce, "Ke ba ki gani. Kawo."

Na wanke hannu. Na goge gilashi. Na kifa hoton, na sa lamba mafi girma, na tabbatar gurbin nan ba a taɓe yake ba. Hasken ya fara rarrafe. Wallahi ban taɓa jin tsawonsa kamar ranar ba, don ban san abin da zai fito ba. Mai yiwuwa takardar ta riga ta cinye komai. Mai yiwuwa ma tsohon na da gaskiya, wani Garban ne daban, in mayar da yarinyar mutane Kontagora hannu biyu. Hoton ya fara sauka a allo daga hula. Goshi. Ido. Da ya kai kunci na ƙara girmansa, sai ga layuka, siri-siri amma ba shakka a cikinsu, a jere kamar kunyoyin gona. Daga gefen hanci kuma ga bille ya gangaro, sai dai bai tafi miƙe ba, ƙarshensa ya lanƙwashe. Habiba ta matso har numfashinta na taɓa allon. Ta ce, "Babana na da tsaga?" Ba ta taɓa sani ba.

Na ce gobe da ni za a koma Maradun. Babana ya ce hanya ba ta da kyau yanzu. Na ce za mu fita da hantsi mu dawo kafin la'asar, kamar yadda kowa ke yi. Ya dube ni ya ce, "Jinin Yaya," ya ba ni kuɗin mota.

Mun tarar da Malam Bello a inuwar darbejiya a tsakar gida. Muka durƙusa. Aka fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen Mafara, ya mutanen Kontagora, ya zafi, ya muka ji da halin da ake ciki, Allah shi kawo mana sauƙi. Aka kawo ruwa, aka sake gaisuwa daga farko. Kwamfutar na cikin jakata, batirinta tsoho ne, ni kuwa kamar in tashi in yi ihu. Na daure. A ƙarshe ya dubi Habiba ya ce, "Ɗiyata, ba ƙin ki nike ba. Na ga kukanki ranan nan, bai bar ni na yi barci ba. Amma aure ba wasa ba ne. In na tsaya gaban jama'a na ce ni waliyyinki ne alhali ba jinina ba ce ke, mi zan ce wa Allah?"

Na ce, "Baba, ba mu zo da magana ba. Abu munka zo da shi ka gani."

Hasken rana ya hana a ga allon, muka koma zaure. Ya sa tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Na buɗe hoton yadda yake, rawaya, da karcensa da komai, na cika allon da kuncin hagu. Ya sunkuyo. Ya ɗaga yatsa ya bi tsagar ɗaya bayan ɗaya bai taɓa allon ba. Da ya kai billen, sai yatsan ya sauka a kan allon, daidai inda ya lanƙwashe. Gwaggo ba ta yarda a taɓa allo da yatsa, amma na ƙyale shi.

Ya ce, "Kulu." Ya sake, "Kulu, zo ki ga Lauje."

Ba mu gane ba, sai da ya share fuska da hannun riga ya ba mu labari. Ranar sunan Garba, wanzami na tsakiyar yin bille, ragon suna ya tsinke igiya ya banki gwiwar hannunsa. Aska ta zame, billen ya lanƙwashe. Uwarsu ta yi kuka, wanzamin ya yi ta rantsuwa ba laifinsa ba ne. Yaro ya tashi duk unguwa na kiransa Lauje, yana dambe da duk wanda ya faɗa. "Ni na fi kowa kiransa," in ji Malam Bello. "Har ranar da zai tafi, a tasha, abin da na ce masa ke nan."

Sannan ya tambayi abin da ya fi damunsa. An same shi da wuri? An yi masa sutura? An yi masa salla? Ƙanwar uwar Habiba ta ce yayarta ta gaya mata an yi, jama'a sun taru, kabarinsa na nan an san wurin. Ya ce alhamdu lillahi har sau nawa ban ƙirga ba. Ya ce uwarsu ta rasu tana cewa a bar wa Garba tuwo.

Habiba na durƙushe tana kuka. Ya ce, "Tashi daga ƙasa. Baƙo ke durƙuso haka, ke gidanku kike." Inna Kulu ta ce, "Ni tun da na ga goshin ga na san namu ne." Ya ce, "To mi ya hana ki hwaɗi?" Ta ce, "Shekara nawa ina hwaɗa maka magana kana ji?" Har Habiba sai da ta yi dariya cikin hawaye.

Da za mu tafi ya tambaye ni wace irin na'ura ce wannan da ta ga abin da babban hoto bai gani ba. Na ce ba na'urar ba ce, Baba, mai ita ce ta hana a share komai daga fuskar mutum. Ya ce a kai shi ya yi mata godiya. Na ce ta rasu. Ya tambayi sunanta da na mahaifinta, ya ɗaga hannu a nan zauren ya yi mata addu'a doguwa, irin wadda ba ni da haƙurin tsayawa a yi, amma ranar ban so ta ƙare ba. Bayan babbar salla ya hau mota da ciwon gwiwarsa ya tafi Kontagora. Shi ya ba da auren. An ce da aka tambayi waliyyin amarya, bai jira an nuna shi ba, ya ce, "Ga ni, yayan ubanta, uwa ɗaya uba ɗaya," da ƙarfin da har na bayan sahu suka ji.

Sikanar ta tsufa. Haskenta ya fara rauni, wani lokaci sai na bubbuga murfin kafin ta tashi, kuma na tambaya a Gusau an ce ba a kawo kayan gyaranta. Wata rana za ta mutu, in sayi wata, ba abin kuka ba ne. Tsaga ma ta ƙare. Ba wanda ke yi wa ɗansa yanzu, ni ma ba zan yi wa nawa ba. Amma waɗanda aka yi wa, da ita suka rayu, da ita aka san gidansu, kuma nan gaba kaɗan ba inda za a gan ta sai a hoto. Gwaggo ta gane haka tun kafin kowa, ta tsaya a kan cewa a bar mutane da fuskarsu. Ni a wurina wannan aiki ne, ko ba a ba da lambar yabo a kansa.

A zaman makokinta na ji wata mata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa baiwar Allah ta tafi ba ta bar ɗa ko ɗaya da zai yi mata addu'a ba. Na buɗe baki zan ba ta amsa, innata ta mintsine ni a cinya. To, ga amsar, ta makara amma ta iso. Akwai wani tsoho a Maradun da bai taɓa ganin Gwaggo ba, Inna Kulu ta ce ba ya idar da salla bai ambaci Hajara ba. Akwai amarya a Kontagora da ta shiga ɗakinta da sunan ubanta, ba wanda ya isa ya ce mata komai. Ban san sauran ba, don ba kowa ke dawowa ya faɗa ba.

Allah ya jiƙan ki, Gwaggo, ya haskaka kabarinki. Uwarki na nan, har yanzu ba ta koyi haƙuri ba, amma ba ta taɓa gurbin nan.